Gwaggo Sake da Manhajar da Ta Gaje Ta

Kafin ta gaisa da kowa a gidan kula da tsofaffi, Gwaggo Sake takan tsaya a bakin famfo ta wanke hannu, ta murza tafukanta har su yi ɗumi. Daga nan ta bi ɗakuna tana ƙwanƙwasa ƙofa, ko da mai ɗakin ba ya ji. Ita ke horar da ma'aikatan gidan. Duk sabon da ya zo, sai ta kwantar da shi a gado, ta sa a juya shi da hannu mai sanyi, don ya ɗanɗani abin da tsoho ke ji. In ya tashi ya yi nasa juyin a karkace, kalmarta ɗaya ce: "Sake!" Sunan ke nan da ya bi ta.

Da ritayarta ta matso, shugaban gidan ya kira ta. "Gwaggo, za mu ɗauki manhajar horar da ma'aikata, kowa ya riƙa darasi a wayarsa. An kawo uku. Wadda kika nuna, ita ce."

Ta ce to, amma abin ya tsaya mata a rai. Shekara da shekaru ƙofarta ba ta hutawa: Gwaggo yaya ake kaza, Gwaggo zo ki gani. Yau ga shi an ce ta zaɓi magajiyarta da hannunta.

Manhaja ta farko ado ce kawai, ta fi ƙarfin wayoyin ma'aikata. Ta biyun ta kwanta wa Gwaggo a rai, don duk wanda ya buɗe ta sai ya rikice ya dawo ƙofarta da tambaya. Ta ukun ce ƙarfen ƙafa. Tana buɗewa a ƙaramar waya, tana karanta darasi da murya, ana ɗaukar bidiyo a ɗakunan gidan a zuba mata, kuma ba ta ba mutum shaidar gamawa sai wani ya ga aikinsa da ido.

Ana cikin gwaji, Gwaggo ta leƙa ɗakin wani tsohon direba, ta tarar wata ma'aikaciya ta ɗauke shi daga gado zuwa kujera tsaf.

"Wa ya koya miki?"

"Manhaja ta uku, Gwaggo."

Ta duba sama da ƙasa ko za ta sami abin cewa "sake", ta rasa. Ranar ko abinci bai shiga ba. A gida ta yi ta mita wai ta ukun rawar kai gare ta, har 'yarta ta tuntsire da dariya.

"Mama, kishi kike yi da waya?"

"Ina ruwanki? Ita ta taɓa wanke wa tsoho baya?"

Kishi ne tsagwaronsa. Da ta ce ta biyu, ba mai musa mata, kuma da har bayan ritaya ana kiranta ana lallaɓa ta. Sai dai ta san ranar da ma'aikaci ya rikice tana gida, tsoho ne zai sha ƙasa. Ranar yanke shawara ta zauna fuska a murtuke.

"Ta ukun," in ji ta. "Ba na ƙaunarta, amma ita ce."

Ke ce, Gwaggo, uwar koyarwa, kika tsaya aka ɗauki darussan ɗaki-ɗaki. Ke ce kika hana a nuna hannunki a bidiyon, kika sa na ma'aikata, don su san aikin nasu ne. Ke ce kika dage cewa kwanciya a gado da juyin hannu mai sanyi su zama darasin farko.

A makonta na ƙarshe ƙofarta ta yi tsit. Tana wucewa ta ji ma'aikaciyar nan tana ce wa wata sabuwa, "Hannunki da sanyi. Sake!"

"Har kalmar tawa sun ƙwace," in ji Gwaggo. Ta share ido da gefen mayafi, ta wuce ba ta leƙa ba.

Mun gode, Gwaggo. Allah Ya haɗa ki da hannu mai ɗumi ranar da naki tsufan ya zo. Ku kuma masu koyarwa, ku yi koyi da ita. Kowa yana son almajirin da zai riƙa nemansa. Gwaggo ta koyar har aka daina nemanta, abin yana ci mata rai, kuma ba ta fasa ba.