Malama Pyo da Sunan da Muka Ɓoye

Shekara talatin da ɗaya ke nan Malama Pyo Mal-sun, ma'aikaciyar jinyarmu, tana buɗe ƙaramin asibitin tsibirinmu kafin jirgin ruwan safe ya iso. Ta ɗora shayin sha'ir, ta jera silifas a bakin ƙofa, sannan ta zauna jiran mu da ƙaryarmu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu mun horar da tamu fuskar. Ba ma cewa rai ya ɓaci, sai dai ƙirji na zafi ko abinci ya ƙi sauka.

Shekarar da teku ta ci yayana Tae-ho, mahaifinmu bai zubar da hawaye ba. Dariya ma ya ƙara. Amma shinkafa ta daina wuce masa, har wando ya fara zamewa. Wani matashin likita ya zo daga birni da takardar tambayoyi.

"Baba, kana jin baƙin ciki?"

"Ni? Kai dai ba ni maganin ciki, yaro."

Likita ya rubuta lafiya lau. Mu kuma, wai tausayi, muka daina kiransa Baban Tae-ho, sunan da ya shekara talatin yana amsawa. Muka koma haɗa "Baban" ɗin da nawa sunan. Har yau ina jin kunyar wannan.

Ke ce ba ki bi mu ba, Malama. Kin ba shi maganin cikinsa, kin ce ya riƙa zuwa kullum a auna shi. Rana ta tara kika ajiye masa kwanon kunun shinkafa.

"Baban Tae-ho, sha. Ba na son gardama."

Ya ɗago kai. "Wa kika kira?"

"Kai mana. Ko an tsige ka ne ban ji ba?"

Ina tsaye a wurin. Ya kifa fuska a tafin hannu, ya yi kukan da ya riƙe wata huɗu, ke kuwa kika juya baya kina goge tagar da ba ta da datti. Da ya gama, ya shanye kunun.

A wata mai zuwa Malama Pyo za ta ajiye aiki. Masu zuwa bayanta, ku saurari abin da ke bayan "ciwon ciki", kada ku tsaya ga takarda.

Mun gode, Malama. Tsohon yana nan, yana cin kwano biyu. Da na ce zan yi wannan rubutu, cewa ya yi: "Ka sa mata Baban Tae-ho na gaishe ta."