Odell Pruitt Da Kwalbar Da Ya Ƙi Shekara Talatin

Ranar Talata 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, Earlene ta kira ni a waya ina gareji, hannuna duk baƙin mai. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Hoyt, abokinka ya tafi." Mijinta Odell Pruitt ya rasu a gidansa da ke bayan cocin Baftis na garinmu, a nan arewacin Alabama, yana da shekara sittin da takwas, bayan doguwar jinyar huhu. Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Na ajiye wayar na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Odell, yau da kai zan yi magana, tunda dai yanzu ba ka da halin katse ni.

A filin tseren motoci na bayan gari muka san juna, inda mota biyu ke jerawa duk Asabar su jira koren fitila, su fyalle rubu'in mil a miƙe. Kai da jar motarka Chevelle ƙirar 1970, wadda kake kira Tsohuwa, ni da tawa. Injin Tsohuwa da hannunka ka haɗa shi, ka kwance, ka sake haɗawa, har ba na jin akwai kusa ɗaya a jikinsa da ba ta san yatsunka ba. Ni kuwa mutumin kwalba ne. Ina ɗaure kwalbar iskar naitoros a but ɗin mota, in ja siririn tiyo zuwa inji, in na danna maɓalli injin ya sami iskar da ba zai iya shaƙa da kansa ba, ya ƙone ƙarin fetur, motar ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. A wurinka wannan maguɗi ne. Ka ce injin da ya isa inji da hancinsa yake numfashi. Mu masu kwalba ka raɗa mana suna 'yan fida, masu shan madara a kwalba, wai jarirai ne mu da ba a yaye ba. Duk sanda na shigo fili sai ka ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Hoyt, an dama maka madarar kuwa, ko in sa Earlene ta ɗora ruwa?" Shekara talatin kana wannan tsiyar ba ka gaji ba, ni ma ban gaji da cinye ka ba.

Amma wanda ya san bakinka kawai bai san ka ba. Ranar da injina ya tarwatse a tsakiyar titi, kai ne ka fara isowa da tirela, kana zagina kana ɗaure motar. Na sha ganin ka ara wa mutum sifana da fulogi alhali da shi za ka kara nan da ɗan lokaci. Murhun gasa namanka ba ya mutuwa ranar Asabar, haƙarƙari da burodin masarar Earlene, kuma ba ka taɓa tambayar mai miƙo faranti ko wane ne shi ba. Da matata Wanda ta rasu, mutane suka yi ta kawo min abinci da kalmomi masu daɗi. Kai ba ka kawo ko ɗaya ba. Ka riƙa zuwa garejina da safe kana zama a gefe, kana ware min kusoshin da suka cakuɗe a gwangwani, manya daban ƙanana daban. Wannan zaman ne ya riƙe ni a waccan shekarar, kuma ban taɓa jin ka ambata wa kowa ba.

Buri ɗaya na san ka da shi, ka ga Tsohuwa ta ƙetare layi a ƙasa da daƙiƙa goma. Kullum allon fili goma da 'yan kai yake nuna maka. Ka sauya kafireto, ka sauya giya, ka cire kujerar baya da duk wani abu mai nauyi, goman nan ta ƙi sakinka. Kai kuma ka ƙi kwalba.

Sai ciwo ya zo. Ƙurar da ka shaƙa tsawon shekarun aikinka a gidan narka ƙarfe ta taru ta zauna maka a huhu. Bara, farkon watan Afrilu, na ɗaga kai daga ƙarƙashin bonet na gan ka tsaye a ƙofar garejina, siririn tiyo a hancinka, kana jan wata koriyar kwalbar iskar asibiti a kan 'yan tayoyi. Na dube ka, na dubi kwalbar. Zuciyata ta karye, amma na san in na nuna maka tausayi ba za ka yafe min ba. Na ce, "To, tsoho, kai ma an mai da ka ɗan fida ke nan."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da ya lafa ka ce, "Rufe min baki. Likita ya ce da wuya in ga wani Afrilun. Zo ka ɗaura wa Tsohuwa abin nan naka, in ga tara a allon nan kafin in tafi."

Ba kai za ka tuƙa ba, numfashinka ba zai ɗauki hular kwano ba. 'Yarka Renae ce za ta zauna a kujerar, ita da ke tuƙa motar 'yan makaranta a ranakun mako, uwar yara biyu, wadda ta koyi sauya giya a cinyarka. Mu uku muka yi aikin. Kana zaune a kujera kana ba da umarni a kan abin da ba ka taɓa yi ba a rayuwarka, kana gyara min riƙon sifana. Na ɗaure kwalba, na ja tiyo, na ƙara hanyar fetur, domin iskar nan in ta shiga ba isasshen mai sai ta cinye injin da kansa.

Yawan iskar da ke shiga, wani ɗan bakin tagulla ne ke ƙayyade shi, ƙarami kamar ƙwayar wake, da huda a tsakiya. Jet muke ce masa. Ka'idarmu ita ce a fara da mai ƙaramar huda, a yi gudu ɗaya, a kashe inji, a zare fulogi a duba. In farin bakinsa tas yake, a matsa zuwa na gaba. In an ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, to wuta ta fara lasar fistin, sai a tsaya. Da yawa daga cikinmu 'yan kwalba kan tsallake mataki in haƙuri ya ƙare. Kai da aka yanke wa lokaci, ba ka yarda an tsallake ko ɗaya ba. Ruwan sama ya cinye mana wasu Asabar ɗin, asibiti ya cinye wasu. Lambar allon tana sauka a hankali, kai ma kana sauka.

Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba ita ce ranar rufe fili, ba a sake buɗewa sai sanyi ya wuce, a watan Maris. Renae ta yi gudu, allon ya nuna goma da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Jet ɗaya ya rage, kuma gudu ɗaya ya rage mana kafin a rufe ƙofa. Duk filin ya san me ake ciki, mutane suka baro motocinsu suka kewaye mu. Na zare fulogi na miƙa maka. Ka sa tabarau, ka juya shi a hasken rana. Idonka bai tsufa ba. A kan na silinda ta bakwai akwai ɗigon nan, biyu ko uku, kamar an barbaɗa gishiri.

Ka ce, "A ɗora ta a tirela."

Renae ta cire hular kwano ta ce, "Baba, gudu ɗaya ne. Ɗaya tak. In injin ya fashe ya fashe, Kawu Hoyt zai haɗa wani."

Ka ce, "In ya fashe, mai zai zubo a ƙarƙashin taya, ke kuma kina ciki. Hoyt bai iya haɗa wata ke ba. Ko kusoshi ba ya iya warewa."

Ta ce, "Ba za ka kai Maris ba, Baba. Ka sani, na sani."

Ka ce, "Na sani. Ɗora ta."

Ka karɓi jet ɗin daga tafin hannuna ka jefa a aljihun rigarka. Renae ta juya baya ta yi kuka a jikin motar. Na ji wasu suna cewa daga baya wai ciwo ya sa ka tsoro. Masu wannan maganar ba su taɓa son wani abu shekara talatin ba, balle a miƙo musu shi su mai da hannu aljihu. Ni ina tsaye kusa da kai, na ga yadda ka kalli allon nan sanda ake kashe fitilunsa. Ba na so in sake ganin irin wannan kallon a fuskar kowa.

Ba ka kai Maris ba. Ranar da muka kai ka makwancinka, motoci suka jeru tun daga ƙofar coci har maƙabarta, Tsohuwa a gaba, Renae a sitiyari. Bayan fasto ya gama addu'a, 'yan fidan da ka yi ta zagi suka buɗe kwalabensu gaba ɗaya, farin tururi ya tashi daga gaban kowace mota ya baje a cikin sanyi. Haka muke sallamar namu. Na san da kana da baki da ka ce ɓarnar madara ce.

Earlene ta sami jet ɗin a aljihun rigar da ka sa ranar rufe fili, ta ba Renae. Jiya Renae ta zo gareji ta ajiye min shi a kan teburi. Ta ce, "Kawu, ka adana wannan. In an buɗe fili, sai mun gano abin da ke damun silinda ta bakwai tukuna, sannan mu koma kan ƙaramin jet mu faro." Muryarta ce, amma kai na ji.

Odell, ba ka ga tara a allon ba, kuma wannan zai daɗe yana ci mini rai. Abin da ka saya da ita na gan shi a bakin kabarinka: 'yarka tsaye da ƙafafunta biyu, ɗa a kowane hannu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutun da ba a jan numfashi da wahala a cikinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Earlene, wadda ta yi haƙuri da kai da ƙarar injinka tsawon zamanku, da Renae da mijinta da jikokinka, da duk wanda ya taɓa cin abinci a gefen murhunka. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya ba ni nawa. Gwangwanin kusoshin nan ya sake cakuɗewa, kuma ban da niyyar ba wani ya ware.

Hoyt Lassiter