Takardar Ƙarshe a Fayil ɗin Direba

Matso kusa ka gyara zama, in ba ka labarin Baba Rumbu. Ba sunan yanka ba ne; shekara talatin da ɗaya da ya yi a ɗakin ajiyar takardu na wata ma'aikatar sufuri ce ta jawo masa shi. Ɗakin yana can ƙarshen baranda, taga ɗaya, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Ƙurar takarda ta bar masa tari, hawan tsani ya cinye masa gwiwa. Matarsa kan ce ko bai yi sallama ba, warin tsohon kwali kan riga shi shiga gida.

A bakin masu wannan aiki, fayil ɗin da ake yawan nema shi ne mai rai. In aka daina nemansa ya zama mai barci, sai a ɗaga shi kanta ta sama. 'Yan kaɗan ake buga wa hatimin “dindindin”, su ba mai taɓa su. Sauran kowanne da wa'adinsa: shekara bakwai daga ranar takardar ƙarshe da ta shiga cikinsa, sai jerin ƙonawa.

To, akwai fayil ɗin wani direba da ya fita da motar ma'aikata shekara ashirin da suka wuce, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, shi da motar. Hotonsa, da bayanin waɗanda suka gan shi a ƙarshe, duk a nan kawai suke. Yayarsa takan zo sau ɗaya a shekara, ta zauna a bencin ƙofa ta cire takalmi ta huta.

“Malam, ko an ji wani abu?”

“Tukuna, Yaya. Amma kawo hannunki.”

Sai ya cika mata takardar tambaya, ta dangwala yatsa, ya buga kwanan wata ya saka a fayil. Da haka wa'adin kan koma farko. Ita ba ta san amfanin takardar ba, shi ma bai taɓa gaya mata ba.

Sai ta daina zuwa. Ko ciwo ne, ko ƙaura, ko ta riga mu gidan gaskiya, Allah masani. Shekara bakwai ta shige kamar wasa.

Ana saura kwana uku ya yi ritaya, shugabar sashe, wadda shi ya koya mata ɗaure fayil da zare, ta ajiye masa jerin ƙonawa a tebur.

“Baba, sa hannu mu huta. Kanta har ta lanƙwasa.”

“Ranki ya daɗe, fayil na goma sha tara a jerin nan fa?”

“Direban naka? Wa'adinsa ya cika tun watan jiya. Kai ka koya mini ƙa'idar.”

“Ni na koya miki, shi ya sa nake jin haushin kaina.”

Ta yi 'yar dariya. “In wani ya zo tambaya kafin Alhamis, ranar ƙonawa, sai mu cire shi. In ba haka ba, Baba, barci ya yi barci.”

Da ta fita, ya hau tsani da ƙyar ya sauko da fayil ɗin, ya kaɗe shi a cinya. Bai taɓa ganin direban ido da ido ba, sai dai wannan hoton da tsatsar allurar maƙala takarda ta ci wa kafaɗa. In aka ƙone shi, duk wanda ya zo gobe, ɗa ko jika, ba abin da za a nuna masa.

Ya zaro sabuwar takardar tambaya. Cikin shekarunsa na aiki bai taɓa rubuta abin da ba haka yake ba, kuma ba yanzu zai fara da gemu fari ba. A gurbin mai tambaya ya sa sunansa, don kuwa shi ma yana so ya sani. Ya buga kwanan wata. Saura layi ɗaya, wanda in ba a cika shi ba takardar ba ta karɓuwa: dangantaka da mai fayil.

Ya daɗe biro na hannunsa, tari na taso masa.

Kai da ka ji labarin, me za ka ce ya rubuta a wurin?