Junaidu, Ka Tafi Ba Su Wanke Sunanka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 1990, Allah ya karɓi ran Malam Junaidu Rufa'i a gidansa da ke Jega, bayan jinyar wata uku. Shekara huɗu muna zaune gaban kwamfuta ɗaya da shi a ofishin rabon taki a Sakkwato, kuma da fushi nake wannan rubutu.

Junaidu, daminar bara manoma arba'in da ɗaya suka rasa taki saboda sunayensu sun ɓace daga na'ura. Manyanmu ba su yi bincike ba. Suka ce kai ka goge su ka karkatar da buhunan, suka dakatar da kai.

Ba ka tsaya rantse-rantse ba. Ka roƙe ni na bugo maka shirin kwamfutar a takarda, ka shimfiɗa a zaure kana bi layi-layi da fensir. Shirin yana ɗaukar sunan manomi da na mahaifinsa a matsayin mabuɗi, ya mai da su lamba, lambar ta nuna gurbin da za a ajiye bayanin gonarsa. Ɗan kwangilar da ya rubuta shi bai taɓa tambayar masu suna Attahiru Abubakar nawa ne tsakanin Aliero da Maiyama ba. Da an shigar da na Ƙaraye, sai ya hau kan na Sabiyal ya shafe shi.

Ka ce mini, "Abdulwahabu, ba a sace su ba, danne su anka yi. Mu ƙara sunan gari cikin mabuɗin."

Na gyara yadda ka faɗa. Duk arba'in da ɗayan suka shiga, ba wanda ya sake ɓacewa. Kai da kanka ka hau babur har Gumbin Kure kana ba mutane haƙuri kan laifin da ba naka ba.

Ofis ya karɓi gyaran hannu bibbiyu, har yau da shi ake aiki. Takardar wanke ka kuwa, layi biyu kacal, wata bakwai wai tana kan tebur. Jiya waɗannan manyan namu suka zo zaman makoki suna cewa ba a taɓa yin mai amana irinka ba. Kunya ba ta kama su ba. Ni ta kama, domin na ci gaba da gaishe su.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya bi maka hakkinka. Malama Kulsum, matar marigayi, Allah ya ba ki haƙuri ke da yara. Ki adana wannan rubutu nawa. Ranar da wani ya ce wa 'ya'yanki ubansu ya saci taki, ki ba su su karanta.