Ɗalha Mai Yasar Rijiya da Matattun Batura

Malam Ɗalha ba ya shan kunu a zaune. Yana idar da sallar asuba zai karɓi ƙwarya a hannun matarsa Rakiya, ya kurɓa a tsaye, idonsa na kan hanya. Kafin ta ce ya ƙara, har ya ɗaura buhuna a bayan tsohon moto, wato babur ɗinsa, ya fice. In kasuwar Guci ke ci, can za a gan shi. In ta Sassumbrum ce, duk nisanta sai ya je. Ba saye ke kai shi ba. Bayan rumfuna yake bi, yana duƙawa yana miƙewa, yana tsintar matattun pil, wato baturan tocila da rediyo, da fasassun fitilun sola, da baturan salula da suka kumbura.

Sana'arsa ta gado yasar rijiya ce. Tun yana saurayi ake zura shi da igiya ya kwaso laka da karyayyen guga. Wata bazara aka kira shi wani ƙauye gabas da Guci, aka ce awaki na sunsunar ruwan rijiyarsu su kau da kai. Ya sauka. Yana lalube cikin laka, hannunsa ya faɗa cikin wani ruɓaɓɓen buhu, sai ga pil birjik sun yi tsatsa suna tsiyaya, ga fasassun baturan sola a ƙarƙashinsu. Waɗanda suka jawo shi sun ce da ya fito, hannuwansa kawai yake kallo. Fatarsu ta daɗe tana saɓulewa. Ruwan nan kuwa shi mata ke dama fura da shi.

Tun daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ya hau moto sai Magariya, yana shiga wannan biro, wato ofishin gwamnati, yana fita wancan, har aka haɗa shi da wata ma'aikaciyar kula da muhalli, Madam Surayya.

"Baba," in ji ta, "dokar shara mai guba akwai ta a rubuce. Motar ɗauka da wurin kaiwa ne ba mu da su a nan. A wasu ƙasashe, wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da shi, shi ake ɗora wa alhakin karɓarsa in ya mutu."

"To 'yata, kafin hakan ya iso mana, ina za a zuba?"

Ta ce kada ya fasa su, kada ya ƙone su, kada ruwa ya taɓa su. Ta ba shi safar hannu ta roba, ta ce iyakar abin da ke hannunta ke nan yau.

Amma ta ba shi abin da ya fi safa. Maganar nan ta "wanda ya shigo da shi" ta maƙale masa. Bai koma gida ba sai da ya tsaya a shagon Alhaji Abdoul Razak, babban mai kawo fitilu da salula a yankin.

Alhaji ya saurare shi, ya yi dariya. "Malam Ɗalha, ni na ƙera su? Mai ƙera su yana can bayan teku."

"Shi ban san shi ba, Alhaji. Kai na sani. Motarka tana zuwa a cike, tana komawa wayam."

"Allah ya ba ka haƙuri, ni ba ɗan shara ba ne."

Manyan batura masu dalma suna da masu saye. Ƙananan nan babu mai so ko a kyauta. Sai Malam Ɗalha ya fara tara su a gidansa, bayan rumbu. Tulin yana girma, shi kuma yana ƙara yawo, har mutane suka fara cewa ko aljanin rijiya ya taɓa shi.

Wata rana da tsakar rana, cikin tsananin zafi, ɗaya daga cikin kumburarrun baturan ya yi ƙara ya kama wuta. Kafin a kawo ruwa da ƙasa, rumbu ya tashi. Geron shekara ya tafi. Rakiya ta tsaya cikin hayaƙi, ta dube shi.

"Malam, ka tsare rijiyar mutane, ka ƙone abincin 'ya'yanka. Yanzu ka huta?"

Shi ma ya san an gaya masa ruwa da wuta, ba a gaya masa zafin rana ba, kuma bai tambaya ba. Kowa ya ɗauka ya gama. Washegari sai aka gan shi yana jidar abin da ya rage zuwa wani tudu bayan gari, nesa da gida, nesa da rijiya. Maƙwabta suka kawo musu damman gero. Rakiya ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, sannan wata safiya ta miƙa masa buhun da ta ɗinke da kanta.

Alhaji Abdoul Razak ya zo jaje. Ya tsaya kan tokar rumbu, ya ga narkakkun fitilu irin waɗanda ke rataye a shagonsa. Bayan ya koma ya aiko da gangunan ƙarfe masu murfi, ya ajiye ɗaya a ƙofar shagonsa, ya ce duk mai sayen sabuwa ya kawo matacciya. Da matattun kayan suka taru, ya loda su ya kai wa babban dilan da ke ba shi kaya. Dilan ya karɓi rabi, ya dawo da rabi, aka maida su ganguna bisa tudu.

Bana ciwon ƙirji ya hana Malam Ɗalha shiga rijiya, ya miƙa igiya ga wasu. Shi ya sa mu mutanen yankin muka ga lokaci ya yi da za mu faɗa masa godiyarmu a gaban jama'a. Kai ne ka shiga inda ba mu leƙawa, ka fito mana da abin da muke sha ba mu sani ba. Kai ne ka ɗauki nauyin da ya kamata mai ƙera kaya da mai shigo da shi su ɗauka, ba albashi, ba takarda, har ka biya da rumbunka. Ɗalha na Rakiya, mai tsaron ruwa, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya saka wa Rakiya da haƙurinta.

Mu kuma, in fitila ta mutu kada mu jefa ta bayan danga, mu maida ta inda muka sayo. 'Yan kasuwa su ajiye ganga a ƙofa. Masu tsara doka su hanzarta, don tsoho guda ba zai riƙe yanki ba.

Da ni mai wannan rubutu na gaya masa za a rubuta sunansa mutane su karanta, sai ya ce, "To madalla. Tunda za su karanta, ka tambayar mini su: rabin nan da aka dawo da shi, wa zai karɓa?"

Ga shi na tambaya. Gangunan suna nan bisa tudu, bazara kuma ta kusa.