Magaribar Kano a Sokode

Ni na kawo akwatin nan gidanmu, wannan ban musa ba. Daga Dapaong na sayo shi, inda nake aikin ungozoma, na rungume shi a cinya cikin mota har Sokode, ƙafafuna suka yi tsami. Tele ce, wato talabijin, irin wadda ake haɗawa da intanet. Na ce Inna ta huta da zuwa kallo gidan maƙwabta.

Ba a jima ba ta kira ni, murya a sama.

"Ke! Akwatinki ya raina ni. Ina tsakiyar wasan Kano, wai ba a nuna ci gaban a ƙasarku. Ƙasar wa? Kakana daga Kano ya zo garin nan da jakunan goro!"

Na ce akwai magani, sunansa VPN. Ana sa shi ne akwati ya riƙa cewa yana wata ƙasa, sai a buɗe masa ƙofa. Ashe ta buɗe muryar wayar, Baba yana ji.

"Wato ƙarya zai yi," in ji shi.

"Baba, ba ƙarya ba ce sosai..."

"Yana Sokode ya ce yana Kano. Mene ne sunan wannan? Ba a gidana ba."

Inna ta ce, "Malam, ni ce zan ce ina Kano? Akwati ne zai faɗa. Akwati yana da hisabi?"

Ya ce wanda ya aike shi za a tambaya. Magana ta ƙare, a wajensa.

A wajen Inna kuwa yanzu ta fara. Safe kira, yamma kira, har masu naƙuda suka san labarin direban da aka yi wa sharrin sata a wasan nan. Da na je gida na sa mata abin, na nuna mata: nan ki danna ki tafi Kano, nan ki danna ki dawo. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Baba yake masallaci, take tafiyarta, ta dawo kafin ya shigo.

Baba shi ne ladanin ƙaramin masallacin lungunmu tun ban san hannun damana ba. Abin alfaharinsa ɗaya: babu ladanin da ke riga shi kiran magariba. Yakan hau saman soro ya ga rana ta faɗa bayan tsauni, ya sauko ya kira, sauran masallatai su biyo. Samari masu waya sun daɗe suna kwaɗayin lasifikar nan, suna cewa tsoho ya huta. Shi kuwa da ya ba da ita gara ya ba da abincinsa.

A shekarar ya daina hawa soro, ya ce gwiwa ce. Kuma mutumin da ke kiran akwati abin shashanci sai ga shi kullum da yamma a gabansa, yana sauraron wata tashar karatun Alƙur'ani. Tashar nan takan katse karatu ta sa kiran salla daidai da lokacin garin da akwati yake. Da ta fara, sai Baba ya miƙe ya tsallaka masallaci. Mu duka muka ce tsufa ne ya sa shi son karatu.

Goman ƙarshe na azumi na zo gida. Ran nan hadari ya rufe gari tun la'asar, duhu kamar an kife tukunya. A wasan Inna kuma ranar ake yanke wa direba hukunci. Tana kallo tana share hawaye har ta zarce lokacinta, sai man ƙosai ya fara hayaƙi. Ta yi wuf ta mayar da tashar karatu, ta ruga madafa. Akwati kuwa ta baro shi a Kano.

Kano tana gabas da mu. Ranarsu takan riga tamu faɗuwa da kusan rabin awa.

Akwati ya kira, Baba ya tsallaka ya kira, lungu gaba ɗaya ya kai kofi baki. Ni dabino biyu na haɗa lokaci guda. Muna ta santi, sai na ji wani irin shiru. Babu masallacin da ya biyo.

Sai hadarin ya tsage. Ga rana, ja wur, zaune bisa tsauni, ko niyyar tafiya ba ta yi.

Innalillahi! Maƙwabcinmu, wani direban gingimari mutumin Nijar, ya fito da koko a gashin baki yana nuna sama. Matar da ke sayar da wagashi, cukun Fulani, tana ta tofar da yawu a kwata, sai ka ce abin da ya wuce maƙogwaro zai ji kunya ya dawo. Wani tsoho ya ce tunda an riga an karya, a bar shi ya ƙarasa tuwonsa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Direban gingimarin ya ce, "Malam, dubi rana!"

Baba yana tsaye a ƙofar masallaci. Ya juya fuskarsa wajen yamma, ya ƙura ido, ya ce, "Ina?"

Dariyata ta tsaya. Na matsa na dubi idanunsa, yanar ido ta rufe su fari fat. Ashe ba gwiwa ba ce. Ashe akwatin nan ne idonsa. Tausayinsa ya kama ni.

Liman ya ce kowa zai rama azumin bayan Salla. Dattawa kuma suka biyo mu zaure, suka ce, cikin ladabi, lokaci ya yi da Malam zai miƙa lasifika ga masu waya. Baba ya sunkuyar da kai. Sai muryar Inna daga bayan labule, ita da ba ta taɓa sa baki a maganar masallaci ba:

"Ni na bar akwati a Kano, ba shi ba. Muryarsa ce ta tsufa? In ido kuke nema, ga nawa."

Da suka tafi na jira tsawa. Sai Baba ya ce, "Direban nan na wasanku, an sake shi?"

Inna ta zaro ido.

"Tagar masallaci tana kallon ɗakinki," in ji shi. "Ki kai akwatinki Kano bayan isha'i. Amma a gida zai yi sahur."

Washegari Inna, wadda ita ce mai ciwon gwiwar gaske, ta hau soro tana nishi tana tsine wa wanda ya gina matakalar.

Bayan Salla na kai Baba Dapaong aka cire masa yanar. Yanzu har zaren allura yake sa wa Inna. Amma har yau ba ya taɓa lasifika sai ya ji muryarta daga sama:

"Malam, ta faɗi."