Tukunyar da Ta Hana Tavita Gudu

Duk wanda ya san Anti Momilani Cabral a garin Wai'anae, can a wani tsibiri na tsakiyar teku, ya san ta da abu biyu: ba ta iya yin shiru ba, ba ta kuma iya dafa abincin mutum ɗaya ba. Ƙuruciyarta kaf ta ƙare a ɗakin wankin wani otal a Waikiki, tana ninke zannuwan gadon baƙi. Da gwiwoyi suka ce sun gaji, ta ajiye aiki, ta ce saura boko. Jikokinta suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Washegari ta tafi kwalejin unguwa ta yi rajista, don tana son takardar shaidar renon yara, kuma don ta ba su haushi.

Kwalejin ta zuba su a rukuni guda, su ashirin da 'yan kai. Lissafi tare, darasin rubutu tare, malamai biyun nan dai kullum, wai don in wani ya zame na kusa ya riƙo shi. Anti Momi ta ɗauki maganar da gaske fiye da waɗanda suka ƙirƙiro ta. Kafin wata ya mutu ta san wanda bai karya ba da wadda saurayi ya yaudara.

Na kusa da ita shi ne Tavita, mutumin Samoa, ƙato, uban 'ya'ya biyu, mai lodin kaya a tashar jiragen ruwa. Kansa na ja, amma gajiya na cinsa. Wata Alhamis, jarrabawa ta matso, ya raɗa mata, "Anti, daga yau na gama. Aiki da karatu sun fi ƙarfina. Don Allah kada ki gaya wa kowa, ko tsohuwata ba ta sani ba."

Maganar ta soke ta, don ta san wanda ya fita a irin wannan lokaci ba ya dawowa. Amma ba ta yi masa wa'azi ba. Da aka tashi ta buɗe bayan motarta, ta ɗauko tukunya cike da dafaffiyar kaza, ta danƙa masa.

"Kai wa yara. Tukunyar marigayiya uwata ce, ka ji."

Shi ke nan, ta ɗaure shi. A tsibiran nan ba a riƙe wa mutum kwanonsa, ba a kuma mayar da shi wayam, sai dai in ba a gida aka haife ka ba.

"Anti, ina ne gidanki in kawo miki?"

"Gidana? Muna da kare, ba ya son maza. A aji ake samuna, Litinin da Alhamis." Ƙarya tsagwaronta, ko mage ba ta da ita.

Ran Litinin sai ga Tavita a bakin ƙofa, rungume da tukunya cike da ayaba a ruwan kwakwa, girkin tsohuwarsa.

"Ka tsaya nan kamar ɗan aike? Shigo ka nuna mini lissafin nan, kaina ya kulle."

Ya shiga ya zauna. Ana tashi ta juye ayabar, ta cika tukunyar da gwaza da kifi, ta miƙa masa.

"Haba, Anti!"

"Haba me? Ka ce wa tsohuwarka na gode. Sai dai gishiri ya ɗan yi kaɗan."

Ai kuwa ta tsokano tsuliyar dodo. Fuatino, uwar Tavita, mace ce da ba a taɓa kayar da ita a kyauta ba, balle a girki. Ta aiko da kifi guda, Anti Momi ta rama. Ta aiko da abin da sai da aka ɗaure murfi da igiya, Anti Momi ta sake ramawa. Tavita dai ɗauka yake yi, kuma duk zuwan da ya yi sai an zaunar da shi. 'Yan aji suka yi ƙiba.

Rannan ana tsakiyar darasi sai ga Fuatino da kanta, da maficinta a hannu.

"Wace ce mai cewa gishirina ya yi kaɗan?"

Anti Momi ta miƙe, suka fita waje, Tavita na biye da su da tukunya.

"Baiwar Allah, ɗana kike so da aure, ko ni kike son ki kunyata?"

"Ni an ce kada in faɗa, kuma ban faɗa ba," in ji Anti Momi. "Tavita, ga uwarka. Bakinka ciwo yake?"

Ƙaton nan ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: tuni ya yi niyyar barin karatu, tukunya ce kawai ke dawo da shi. Idanun Fuatino suka cika da hawaye. Ta ɗaga mafici ta kwaɗa masa a kafaɗa, sannan ta juyo.

"'Yar'uwa, bayan jarrabawar nan da sauran karatu?"

"Da saura da yawa."

"To kada ki kuskura ki daina aikowa. Ke ki cika, ni in cika, shi ya ɗauka." Ta dubi ɗanta. "Me kake jira? Malama na magana, wuce ciki."